Tambaya: ta ina ake shiga aikin kai wuta karkara da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa?

Ɗan_Bakori:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen manya, musamman waɗanda suka san harkar sola da kai wuta ƙauyuka.

Ni dai lantarki na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa bara, tun daga lokacin nake bin wani maigidana a Kano muna haɗa sola a gidaje da shaguna, mu ɗora fanel a rufi mu haɗa inbata da batir a sallame mu mu wuce. Alhamdulillahi ana samun na sabulu, don tunda aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka gaji da janareta aiki bai taɓa yanke mana ba. Amma gsky zuciyata ba nan take ba. Ƙauyenmu tun ina firamare aka kafa falwayoyi har bakin masallacin Juma'a aka ja waya, ko sau ɗaya ƙwai bai taɓa kamawa ba, yanzu ma wayar babu ita sai turakun kawai a tsaye. Da azumin bana ƙanwata ta haihu cikin dare a ƙaramin asibitin garin, da fitilar waya aka riƙa haska wa unguwarzoma har aka gama, ni kuma a ranar ina wani gida a birni ina haɗa wa mutum inbata ta biyu don na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki. Wlh abin nan ya ƙi barin raina.

To ina jin ana ta maganar Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya da kuɗaɗen da ake zubawa don kai wuta karkara, ina son in shiga wannan layin ya zama shi ne aikina. Na tura CV wurare da yawa ko amsa babu. Shin sai na yi mastas a waje ne? Ko sai da hanya? Kuma tsakani da Allah aikin yana riƙe mutum ya yi aure ya riƙe gida? Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Sola:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Sau biyu na karanta rubutunka, shekarata bakwai ke nan ina aiki da kamfanin da ke gina ƙananan tashoshin sola na ƙauye, waɗanda muke ce wa minigirid, to bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Inda kake tura takardunka ba nan aikin yake ba. Bankin Duniya ba ya ɗaukar mutum ya hau falwaya. Kuɗi yake bayarwa, kuɗin kuma a nan Najeriya ta hannun hukumar REA suke bi, wato hukumar samar da wuta a karkara. Shirin farko da ake kira NEP bankin ya sa dala miliyan 350 a 2018, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200, sannan a Disamban 2023 aka amince da wani sabon shirin mai suna DARES na dala miliyan 750 da ake son ya kai wa mutum miliyan 17.5 wuta. Amma ka lura da yadda ake biyan, nan ne mutane ba su gane ba: kamfani mai zaman kansa ne zai nemo kuɗinsa ya gina tashar, ya ja waya ya jona gidaje ya sa mita, sai an zo an tantance an ga wuta na shiga gidajen nan da gaske sannan a biya shi tallafi a kan kowane gida da ya jona. Ka ga ke nan wa ke buƙatar hannu? Kamfanin. Irin su Husk da ke da tashoshi a jihar Nasarawa, PowerGen da suka yi ta Rokota a jihar Neja, Sosai a Kaduna, ga masu sayar da sola ta gida da ake biya kaɗan-kaɗan irin su Sun King da d.light, ga wasu da yawa da ko sunansu ba ka ji ba. Kujera ɗaya a ofishin Abuja mutum ɗari-ɗari ke nemanta har da masu digiri biyu daga Ingila, amma wanda zai yarda ya je ya zauna wata uku a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, nemansa muke ba mu samu.

Sai dai kar ka zaci aikin da kake yi yanzu shi ne za ka je ka yi a can da girma kawai. Gidan mai kuɗi a birni ka tambaye shi me da me zai kunna ka lissafa ka haɗa, ya biya ka, shike nan kun rabu. Minigirid kuwa ranar da aka kunna wuta aka yi guɗa ranar aikinka ya fara.

Bari in ba ka labarin sayit ɗina na farko, wato garin da na fara aikin tasha. Kafin a gina an aika yara da takarda gida-gida suna tambaya, in an kawo wuta me za ka saya? Kowa ya ce firij, talabijin, fanka biyu. Wa zai ce shi ba zai saya ba a gaban maƙwabcinsa? Aka ɗauki wannan aka yi lissafi aka gina tasha daidai da shi. Da aka kunna, wata shida muna kallo, ƙwai uku da cajin waya, shi ke nan abin da yawancin gidajen ke sha. Kafin azahar batir ya cika maƙil, fanel na shan rana a banza, kuɗin da ke shigowa bai kai ya biya mai gadi da mai kula da tashar ba balle a yi maganar canza batir nan gaba. Kai injiniya ne ka yi lissafin da kanka: ƙwai uku masu wat 5 awa biyar wat-awa 75 ke nan, ka ɗora cajin waya ka ce 100 a yini. Injin niƙa guda mai mota, wato na'urar lantarki da ke juya shi, kilowat 7.5 in ya yi awa huɗu kilowat-awa 30 ya sha, wato shi kaɗai ya yi gida 300 irin waɗancan, kuma da rana yake sha lokacin da wutar ta fi araha a wurinmu don ba ta bi ta batir ba. Alhali a garin akwai injin niƙa huɗu duk da gas suke aiki, muna jin ƙararsu daga cikin tashar.

Muka je wajen mai niƙa na bakin kasuwa, dattijo ne, ya ce shi ba ya so. Kuma yana da gaskiyarsa, injinsa na gas in ya lalace ya san bakanike a garin gaba, wannan mota tamu in ta ƙone wa zai kira? Sai da na yi sati ina zuwa ina zama a bencinsa ina rubuta nawa yake sayen gas kullum, kwano nawa yake niƙawa, ranar kasuwa nawa ranar da ba kasuwa nawa, har ya saba da ni ya fara gaya min gaskiyar cinikinsa. Aka ba shi motar bashi yana biya duk sati, aka ce kar ya sayar da tsohon injinsa ya ajiye shi a gefe. Ranar farko da ya tayar, garin gaba ɗaya ya ɗauke, don mota in za ta tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da take sha in ta daidaita, inbata ta kasa ɗauka. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba sai da muka sa mata na'urar da ke tayar da ita a hankali. Bayan shi mai walda ya shigo, sai wata mata ta sayi firiza tana ƙanƙara da zoɓo, sai teloli. A nan tashar ta fara riƙe kanta.

To wanda ya san wannan, shi ake nema. Haɗa waya kam yara da yawa sun iya.

Ta fannin hannu kuma ka riƙe zafi da ƙura, su ne abokan gabarmu a Arewa. Fanel in ya wuce digiri 25 ƙarfinsa raguwa yake, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, ka tuna yadda kwano ke yi a watan Afrilu. Batirin ruwa kuma zafi na cinye masa kwana, shi ya sa kusan kowa ya koma lithiyom amma shi ma in ɗakin ba iska za ka sha wahala. Lokacin hunturu in ba a wanke fanel akai-akai za ka rantse wani abu ne ya lalace, kuma ruwan wankin kansa a wani garin sai an saya. Ka koyi HOMER da PVsyst, manhajojin kwamfuta ne na tsara girman tashar sola, ka iya Excel sosai ba na rubuta sunaye ba, ka nemi satifiket na masu haɗa wuta daga NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, ka fara bin rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, in ka samu dama ka yi kwas a NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki. Ka sauke dokar minigirid ta NERC, hukumar da ke tsara dokokin lantarki, ka karanta, kyauta ce, ko ba komai ka san cewa a dokar 2023 ƙasa da kilowat 100 rajista ta wadatar, daga nan zuwa megawat 1 sai da izini. A intabiyu in yaro ya faɗi wannan kaɗai nakan gyara zama.

Maman_Ilham:

Salam. Ɗan Bakori sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Injiniya ya faɗi gaskiya amma zan ɗan ja da shi a wuri ɗaya, kar a sa yaron nan ya ɗauka ƙofar ƙungiyoyin a rufe take. Ba a rufe take ba, sai dai ba a shiga da CV fari fat.

Ni ban san komai a waya ba, ilimin zamantakewa na karanta, kuma yau sama da shekara goma ina aiki a shirye-shiryen makamashi, ɓangaren bibiya da auna sakamako. Na faro ne daga masu cike takardar tambayoyi ana biyana kullum-kullum, abin da ya ɗaga ni kuwa abu ne da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba, Hausa da kuma cewa ni mace ce. Tawaga za ta zo daga Abuja maza zalla da turancinsu, su zauna a ƙofar gidan mai gari da dattawa, a yi musu na'am da komai su tafi su rubuta rahoto. Su kuwa masu daka da surfe da kai niƙa da hura wuta suna ciki, kuma ba a shiga. Ni nake cire takalmi in shiga in zauna a tabarma, a nan za ki ji nawa ake kashewa a batirin tocila duk sati, nawa ake ba yaro ya kai caji, wa ke riƙe kuɗin, me ya sa wancan murhun da wata ƙungiya ta raba bara aka mayar da shi wurin ajiye kaji, amsar kuwa tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar ba ta zama a kansa. Kai namiji ne ba za ka shiga ba, amma ka san yadda ake gaida mai gari, ka san ba a kiran taro ranar kasuwa ko lokacin girbi, ka san in dattijo ya ce "to, Allah ya sa" ba lallai ya yarda ba ne. Wannan ilimi ne, ka rubuta shi a takardarka kar ka ji kunya.

Kuma tunda na ambaci murhu, dan Allah masu sola ku daina mantawa makamashi ba ƙwan fitila kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3.2 ne suka mutu a shekarar 2020 saboda hayaƙin cikin gida, galibi na girki da itace da gawayi, kuma mu muka san su waye ke tsugune a gaban murhun da goyo a baya. Muradi na 7 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haɗa har da girki mai tsafta, akwai aiki a nan kuma masu nema ba su kai na sola yawa ba.

Abin da zai kai ka ciki, na farko rubutu. Ka iya rubuta rahoto shafi biyu da turanci mai sauƙi wanda wani zai karanta ya gane me ya faru, me ya lalace, me aka yi. Injiniyoyi da yawa a nan suke faɗuwa wlh. Sai KoboToolbox na tattara bayanai a waya, kwana biyu ya ishe ka ka koya, da QGIS na haɗa taswira in za ka iya. Ka riƙa duba shafin GIZ, hukumar raya ƙasashe ta Jamus, suna da shirin NESP da Tarayyar Turai da Jamus ke ɗaukar nauyi, sun daɗe suna horar da masu sola a ƙasar nan. Ka yi rajista da UNV na 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sau da yawa ma ba ƙungiyar ce za ta ɗauke ka kai tsaye ba, kamfanin tuntuɓa ne da ta ba kwangila zai neme ka na wata uku ka je ka tantance tashoshi, daga nan sunanka ya fara yawo.

Batun riƙe gida kuma zan gaya maka tsakani da Allah kamar yadda ka nema. Albashin yana da kyau in ana yi, amma kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, shiri ya ƙare kowa ya kama gabansa. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje aka rushe USAID, hukumarta ta ba da tallafi, shirin Power Africa da Obama ya ƙaddamar tun 2013 shi ma ya tafi, na san mutane masu iyali da suka kwana da aiki suka tashi babu, ba laifin da suka yi. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu sana'a a hannu. Saboda haka wannan maigidan naka kar ka rabu da shi da faɗa, kuma kar ka raina hawa rufin nan.

Hanya kuma, eh sanayya tana aiki kamar ko'ina, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin intabiyu da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan damfara ne, ba sa karɓar ko sisi.

Alhaji_Batir:

Malam ni shawarata daban ce kayi hakuri. Kana da sana'a a hannu kana samu, mezai kaika neman aikin wata uku wata shida? Ni shekara tara ina saida kayan sola, wanda duk yazo da maganar kungiya sai taro a otal da ruwan roba da hoto, kauyen kuma yana nan yadda yake. Lokacin da wuta ta dauke a arewa a watan oktoba 2024 sama da sati, waye ya taimaki mutane? mu ne yan kasuwa da yaran dake hawa rufi. Ka tara kudi ka bude shagonka, ka dauki fanel biyu da batir kaje ka sawa asibitin garinku da kanka sadaka, kafin wani bature ya gama rubuta takarda kai ka gama. Kuma kar a manta da maganar tsaro, wasu kauyukan da ake cewa aje a zauna wata uku ko yan garin basa kwana a ciki, injiniya ya fada masa wannan ma.

Ɗan_Maradi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in sa baki daga wanga ɓangare. Ni teknisiyan ne, na yi aiki da wani purojen kai kuran, wato wutar lantarki, cikin garuruwan karkara wajen jihar Maradi da Tawa.

Ɗan uwa abin da ba wanda ya hwaɗa maka shi ne Faransanci. Kana Katsina, mu muna nan bayan Jibiya, Hausa guda muke yi, amma in anka zo ɗaukar ma'aikaci na yanki wanda za ya yi Nijar da Chadi da Mali da Burkina da Najeriya, mai harshe biyu ake ɗauka, kuma irinsu ba su da yawa ko kaɗan. Bankin Raya Afirka shina da babban shiri na Sahel da suka ce ma Desert to Power, megawat dubu 10 na sola suke nema, mafi yawan ƙasashen ciki Faransanci suke. Cibiyar makamashi ta CEDEAO, wadda kuke ce ma ECOWAS, mai suna ECREEE, tana Praia can Kap Ber. Ga Mission 300 da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sunka yi taronta a Darussalam ta Tanzaniya a Janairun 2025, mutum miliyan 300 suke so su kai ma wuta kahin 2030. Kai da ka riga ka iya Ingilishi, in ka ba Faransanci shekara guda da gaske ka wuce mutane da yawa.

Mu nan mun ga abin da ido. A da kusan kashi 70 na wutar da NIGELEC, kamfanin wutarmu na Nijar, ke rabawa daga Najeriya take zuwa, da anka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023 anka yanke layin a watan Agusta, Yamai ta shiga duhu, Maradi da Damagaram ba a magana. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da anka kunna a shekarar ta rage zahi sosai, ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Tun lokacin kowa ya gane rana ita ce tamu, ba mai yanke ta daga wata ƙasa. Muna da ANPER, kamar REA taku, ga shirin Haske na Bankin Duniya, sunan ma da Hausa anka sa. Amma abin da Hajiya ta hwaɗa gaskiya ne, bayan juyin mulkin masu ba da kuɗi da yawa sun tsaida, purojenmu ma ya tsaya wata da watanni, da gyaran fomfon sola na masu lambu na ci da iyalina.

In karatu kake so kuma ba dole sai Turai ba. Akwai 2iE a Wagadugu, akwai WASCAL da ke da ɓangaren makamashi nan jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai PAUWES ta Tarayyar Afirka a Tlemcen ƙasar Aljeriya da ke ba da guraben mastas da tallahi. Ka bincika su.

Ɗan_Bakori:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Maman Ilham wlh ban taɓa tunanin Hausata abar sawa a CV ba ce. Alhaji maganarka ta asibiti ta shige ni, na ma fara lissafin abin da zai ci. Ɗan uwa na Maradi na gode, zan nemi inda ake koyarwa a nan Kano.

Yallaɓai Injiniya saura biyu dan Allah. Maganar tsaro da Alhaji ya kawo, don yankinmu ka san halin da ake ciki. Sannan mastas ɗin, in jira ko in fara nema yanzu? Kuma kamfanin in na je me zan nuna musu, tunda duk aikina na gidaje ne?

Injiniya_Sola:

Alhaji ya yi gaskiya kuma laifina ne da ban faɗa ba. Akwai sayit da muka gama safiyo, wato binciken fili, muka bari saboda hanyar ta lalace, akwai wanda muka kwashe ma'aikata cikin dare. Kamfanin kirki ba ya tura ka inda mai gari da kansa ya ce kar a zo, kuma kafin ka sa hannu ka tambaya wa ke yanke hukuncin a janye in abu ya taso, akwai inshora ko babu, ina za ka kwana. In suka yi maka hanya-hanya a amsar ka bar musu aikinsu, iyayenka na buƙatarka. Inda na saba da Alhaji shi ne fanel biyun asibiti. Ka sa, lada ne babba, amma ka zauna da mai kula da asibitin da kwamitin gari a san wa zai riƙa goge fanel, wa zai hana a jona heater da dutsen guga, kuma daga ina kuɗin sabon batir zai fito in wannan ya mutu. Na shiga asibitocin ƙauye da yawa na tarar da fanel a rufi lafiya lau, batir ya mutu shekara biyu, ba wanda aka bar wa alhakinsa. Kuma shagon mutum ɗaya ba zai iya ja wa gari guda waya ba, wannan sai da babban kuɗi, shi ya sa ake buƙatar masu rubuta takardar ma.

Mastas ka jira. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, ma sai kana da shekara biyu ta aiki za su duba ka, kuma wanda ya je da tambayar da ta dame shi daga fili ya fi amfana da karatun nesa ba kusa ba. Ka yi shekara biyu ko uku tukuna.

Abin da za ka nuna musu kuwa yana garinku. In hanya ta yi kyau ka je ka yi sati, ka ƙirga gidaje da shaguna, injin niƙa nawa, mai walda nawa, masu caji nawa da janareta nawa ke tashi da dare, kowanne lita nawa yake sha a yini kuma nawa yake saye. Kar ka tambayi kowa me zai saya in wuta ta zo, ka tambayi abin da yake kashewa yau. Ka ɗauki wurin kowanne a taswirar waya, ka auna nisan garin da taransifoma mai aiki mafi kusa. Ka dawo ka zuba a Excel ka fitar da yadda shan wutar zai kasance awa-awa, ka gwada girman tashar a HOMER, ka rubuta shafi biyar. Wannan za ka haɗa da CV ɗinka. In ka gama ka turo min ta akwatin saƙo na nan zauren in duba maka kafin ka kai ko'ina.

Maman_Ilham:

Ka tafi da ƙanwarka ko wata 'yar uwa ta shiga gidaje ta tambayi matan, ka rubuta mata tambayoyin da Hausa kar su wuce goma. Kuma ka fara gaida mai gari ka gaya masa ƙarara cewa bincike kake ba wuta ka kawo ba, kar a sa rai a zo ana tare mahaifinka a masallaci ana tambayarsa yaushe za a kunna.

Ɗan_Bakori:

To Anti, in sha Allahu haka za a yi. Kasuwar garinmu Talata take ci, zan nemi izinin maigidana in tafi ran Lahadi don in samu masu niƙan duka ranar kasuwa, na san guda uku da ka, akwai na huɗu a unguwar gabas da ban tabbata ko har yanzu yana aiki ba. Yallaɓai zan turo maka in na haɗa. A sa mu a addu'a hanya ta yi kyau.